Gargaɗi, Kashedi da Faɗakarwa: Kalmomin da Ake So Su Riga Haɗari Isowa

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan Kasuwar Kurmi da hantsi, lokacin da 'yan dako suke shigo da kaya, ya san akwai kalmomin da ba a tsayawa tambayar ma'anarsu. Da zarar ka ji "Hanya! Hanya!" ko "Gafara dai!" daga bayanka, jikinka ne yake fara amsawa, ka raɓe a jikin rumfa, sai daga baya ka waiwaya ka ga buhun da ya kusa bangaje ka. Ɗan dakon bai tsaya yi maka bayanin nauyin kayansa ba, amma ya cika sharuɗɗan da ake nema ga duk mai sanar da haɗari: ya yi magana kafin abin ya iso, ya yi ta da muryar da ta dace da saurin abin, kuma ya bar maka wurin kaucewa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne yadda na lura kalma guda, wato gargaɗi, tana neman haɗiye 'yan'uwanta a bakin ma'aikatan yaɗa labarai da masu rubuta sanarwar hukumomi. A labaran yamma na rana ɗaya kana iya jin an ce rundunar 'yan sanda ta gargaɗi 'yan daba, hukumar hasashen yanayi ta gargaɗi mazauna bakin kogi, wata ƙasa ta gargaɗi maƙwabciyarta, likitoci sun gargaɗi masu hawan jini, sannan a fagen wasanni a ce alƙalin wasa ya ba ɗan ƙwallo katin gargaɗi. Babu jimlar da za a ce kuskure ce ta fuskar nahawu, sai dai abubuwa ne mabambanta aka sanya wa riga ɗaya. Ɗan daba ana shaida masa hukuncin da zai same shi daga hannun mai maganar, mazaunin bakin kogi kuwa ana sanar da shi abin da mai maganar ya hango, wanda shi kansa ba shi da ikon tsayar da shi. Bahaushe bai taɓa rasa kalmomin raba waɗannan ba, kuma amfanin rabawar ya wuce ƙawata harshe, domin kalmar da aka zaɓa ita ce take gaya wa mai sauraro ko ya gudu, ko ya gyara hali, ko ya shirya kare kansa daga mai maganar.

Tambayar farko da ta kamata a yi wa kowace irin wannan kalma ita ce, daga ina cutar za ta fito? Idan maigida a Kantin Kwari ya kira yaron shagonsa ya ce, "Na yi maka kashedi, kada ka sake ba da bashi ba da sanina ba," yaron ya san abin tsoron ba a waje yake ba, yana zaune a gabansa, domin wanda ya yi kashedin shi ne zai sallame shi. Kashedi magana ce ta mai iko, ko wanda yake ganin yana da haƙƙin da aka taɓa, kuma sau da yawa ana yin sa a gaban shaidu, don kada a ce gobe ba a faɗa ba. Shi ya sa yake tafiya da kalmomi irin su "na ƙarshe" da "da babbar murya". Ƙannensa biyu su ne "ahir" da "kul", gajeru kuma masu kaifi. Ana cewa "Ahir ɗinka!" ga wanda bakinsa ko hannunsa ya kai inda mutunci yake, misali wanda ya ambaci iyayen wani da abin da bai dace ba. "Kul" kuwa ta fi zama a bakin uwa, sa'ad da yaro ya miƙa hannu zuwa garwashi ko wuƙa, kuma abin lura a nan shi ne haɗarin biyu ne a haɗe, akwai wutar, akwai kuma fushin uwar, amma yaron da bai san wuta ba muryar uwar ce take tsayar da shi.

Daga kashedi taku ɗaya ne zuwa barazana, amma takun yana da faɗi. Mai kashedi yana so a bar wani abu, kuma idan an bari magana ta ƙare. Mai barazana tsoron kansa yake so ya dasa, domin ya samu abin da yake nema, ko da ba haƙƙinsa ba ne. Wanda ya bugo waya ya ce a ajiye masa kuɗi ko ya cutar da iyalin mutum, babu Bahaushen da zai ce gargaɗi ya yi. Idan kuma barazanar ta zama hayaniya ce kawai ba ƙarfin aikatawa, sai a ce kurari. Idan an ɗaura mata lokaci, kamar a ce an ba masu kasa kaya a bakin titi kwana bakwai su tashi, sai ta zama wa'adi. A nan ne nauyin mai fassara labarai yake bayyana, domin idan ƙasa mai ƙarfi ta ce za ta kai wa wata hari, wanda ya rubuta "ta gargaɗe ta" ya ba maganar kamannin halasci, wanda ya rubuta "ta yi mata barazana" kuma ya yanke nasa hukuncin, kuma mai sauraro a Fagge ko Gwale yana karɓar hukuncin tare da labarin ba tare da ya lura ba. Akwai kuma sabon amfani da kalmar da ya bazu, inda ake cewa "barazanar ambaliya" ko "barazanar yunwa". Ya riga ya zauna a kunne, ba na kuma ganin za a tumɓuke shi, amma yana da kyau a tuna cewa ruwa ba ya nufin kowa da sharri, kuma "haɗarin ambaliya" ya fi kusa da abin da ake son faɗa.

Rukuni na biyu shi ne ya fi ɗaukar hankalina, saboda ginin kalmomin da kansa yana koyar da wani abu. Faɗakar da, ankarar da, fargar da, tunatar da, sanar da, tsoratar da: kowaccensu an gina ta ne a kan wani abu da yake faruwa a cikin mai sauraro. Shi ne yake faɗaka, shi ne yake ankara, shi ne yake farga ko tunawa, aikin mai magana kawai ya zama sanadi. Kwatanta wannan da kashedi da barazana, waɗanda ake "yi wa" mutum, kamar yadda ake yi masa duka ko kyauta. Kana iya cewa "na yi masa kashedi amma ya yi biris", jimlar ta zauna daidai, domin kashedin ya cika tun da ya fita daga bakinka. Amma idan ka ce "na ankarar da shi, bai kuwa ankara ba", kunne zai ji ɗan tuntuɓe, kamar ka ce ka tashe shi daga barci alhali yana ta minshari. Harshen yana nuna cewa aikin mai ankararwa bai kammala ba sai saƙon ya shiga, kuma duk hukumar da take cewa ta faɗakar da jama'a don kawai ta fitar da takarda, ta ɗauki kalmar da ta fi aikin da ta yi nauyi.

Tsakanin 'yan wannan rukuni ma akwai bambancin lokaci. Ankararwa ta yanzu-yanzu ce, kan abu guda da yake gaban mutum bai gani ba. Mai tafiya a gefen titi da ya ɗaga murya ya ce wa matar da aka goya a babur, "Hajiya, mayafinki zai shiga taya!" ya ankarar da ita, kuma daƙiƙa biyu ne tsakanin maganarsa da faɗuwarta. Haka wanda ya matso kusa da direban Adaidaita Sahu a danja ya ce, "Malam, tayarka ta baya ta yi ƙasa." Faɗakarwa kuwa doguwar tafiya ce, tana da koyarwa a cikinta, ana yin ta tun abin yana nesa, kuma galibi jama'a ake yi wa. Idan zafin bazara ya kama, ma'aikatan lafiya suka shiga rediyo suna bayanin sanƙarau, suna cewa a rage cunkoso a ɗakin kwana, a bar iska ta shiga, a yi allurar rigakafi, a garzaya asibiti da zarar an ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya, wannan faɗakarwa ce, kuma mutanen Kano da suka ga annobar 1996 sun san abin da ake gudu. Tunatarwa ita ce mafi ladabi a cikinsu, domin tana ɗauka cewa mai sauraro ya riga ya sani, mantuwa ce kawai irin ta ɗan'adam, shi ya sa ƙarami yake iya tunatar da babba ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba.

Jan kunne yana tsakiyar rukunonin biyu. A tunanin Bahaushe kunne ne mazaunin biyayya, shi ya sa yaro marar ji ake cewa yana da kunnen ƙashi, wanda ya ji ya yi kamar bai ji ba a ce ya yi kunnen uwar shegu, kuma aka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mai jan kunne yana da iko kamar mai kashedi, amma abin da yake tsoratarwa a kai yawanci ba hukuncinsa ba ne, sakamakon abin ne a duniya. Uban da ya zaunar da ɗansa a zaure ranar da zai tafi makarantar kwana, ya ce masa ya kula da irin abokan da zai yi, jan kunne ya yi, haka nan iyayen da suke yi wa amarya faɗa daren da za a kai ta ɗakinta. Daga sama yake saukowa zuwa ƙasa, kuma akwai ƙauna a cikinsa ko da murya ta yi kauri. Kwaɓa da tsawatarwa kuwa sai an kama mutum cikin aikin ake yin su, saboda haka sun fi kusa da hani fiye da hange.

Matsalar da ta fi wuya ita ce idan ƙarami ne ya hango haɗarin da babba bai gani ba. Ɗa ba ya jan kunnen ubansa, almajiri ba ya yi wa malaminsa kashedi, talaka ba ya gargaɗin sarki, amma rami ba ya tambayar muƙamin wanda zai faɗa cikinsa. Fada ta samar wa wannan mafita da kalmar "hattara". Wanda ya taɓa kallon fitowar Sarki daga Gidan Rumfa ya ji fadawa suna faɗar ta idan an zo mataki ko wuri marar daidai, suna haɗa ta da kirari da addu'a, ta yadda sanar da haɗarin ya zama wani ɓangare na girmamawa. Kalmar ba ta zargin kowa da ganganci, wurin takawa kawai take nunawa, shi ya sa ta dace da kowane baki, har ta kai jikin bangon gidaje a unguwanninmu inda ake rubuta cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan damfara. A gida kuma ana amfani da lamirin da bai nuna kowa ba. Ɗa ba zai ce wa mahaifinsa "kada ka yi tafiyar dare" ba, sai ya ce, "Baba, da dai an bari sai da safe, an ce hanyar ba ta da kyau da daddare." Ɗalibi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ko za a ɗan duba maganar mutumin nan kafin a sa hannu?" Ba a umarci kowa ba, amma an faɗi abin da ake son faɗa.

Idan aka ƙara matsawa cikin wannan ladabi sai a iske hannunka-mai-sanda, wato nuni a kaikaice, wanda ake yi da gyaran murya, ko ƙifta ido, ko labarin wani da abu ya taɓa samu. Kukan kurciya jawabi ne, in ji Hausawa, mai hankali ke ganewa. Ina girmama wannan salo, domin yana tsare zumunci, yana kuma ba mutum damar gyarawa ba tare da an kunyata shi ba. Amma na ga inda ya gaza. Wata damina, a unguwarmu cikin birni, katangar ƙasa ta wani gida ta tsage daga sama har kusa da tushe, kuma ta jikinta yara suke zama da yamma. Maƙwabta sun gani, amma saboda mai gidan dattijo ne da ake jin nauyinsa, kuma an san hannunsa ba ya da yalwa, sai kowa ya riƙa cewa, "Baba, ruwan bana da ƙarfi yake," shi kuma ya amsa da cewa Allah ya sa mai albarka ne. Katangar ta zube da asuba, Allah ya taƙaita babu kowa a wurin. Da aka taru ana jajantawa, kowa yana cewa ai ya faɗa masa, alhali babu wanda ya furta kalmar katanga. Tun daga ranar na yarda cewa nuni ya dace da abin da ya shafi hali da mutunci, amma inda rai yake cikin haɗari sai an kira abin da sunansa, ladabin ya koma cikin murya da gaisuwa.

Akwai kalma ɗaya da take juyawa fuska biyu, ita ce kiyayewa. "Allah ya kiyaye" addu'a ce ta neman tsari, "ka kiyaye doka" umarni ne na bi, "ka kiyayi mutumin nan" ankararwa ce, amma "ka kiyaye ni" kashedi ne tsantsa, wanda yake zuwa dab da faɗa. Baƙon harshe yana iya ɗauka roƙon kariya ake yi masa.

Ita kanta kalmar gargaɗi, nauyinta na asali a majalisin malamai aka fi jin sa. Masu tafsiri suna fassara sifofin nan biyu na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mai bushara da mai gargaɗi, kuma daga nan ne sunayen Bashir da Nazir suka shiga gidajenmu. A farkon Suratul Muddassir an umarce shi da ya tashi ya yi gargaɗi. Abin da ya zo a ingantaccen hadisi game da hawansa dutsen Safa yana nuna yadda ake gina irin wannan magana. Da ya tara dangogin Ƙuraishawa, bai fara da abin da yake tsoratar da su a kai ba, sai ya tambaye su, da zai ce musu akwai mahaya a cikin kwarin nan suna shirin kai musu hari, za su gaskata shi? Suka ce ƙwarai, domin ba su taɓa jin ƙarya daga gare shi ba. Sannan ya faɗi saƙonsa. Mai gargaɗi a wannan ma'ana mutum ne da yake tsaye a inda yake ganin abin da sauran ba sa gani, ba shi ne zai kawo azabar ba, tausayin mutanen ne ya sa shi magana, kuma jarinsa shi ne gaskiyar da aka san shi da ita. Gargaɗin kuma yana tafe da bushara, wato ana nuna hanyar tsira tare da ramin. Waƙoƙin wa'azi na malaman ƙarni na 19, ciki har da na Nana Asma'u, sun bi wannan tsari na haɗa tsoratarwa da kwaɗaitarwa. Idan aka auna da wannan ma'auni, gargaɗi ya fi kusa da faɗakarwa fiye da kashedi, sai dai ya fi ta zafi da gaggawa, kuma yawan ara shi da ake yi domin rufe barazana yana rage masa wannan daraja.

Birnin Kano da kansa an gina shi a kan tunanin hango haɗari. Ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, da ƙofofinta irin su Ƙofar Mazugal, Ƙofar Na'isa da Ƙofar Kabuga, kowacce da sarkin ƙofarta, ba su da amfani idan babu wanda zai ga ƙura daga nesa ya sanar. Kalmomin da suka rage mana daga wancan zamani suna da matakai. Shela ita ce sanarwar hukuma a lokacin kwanciyar hankali, mai shela yana zagayawa yana fara isar da gaisuwar sarki kafin ya faɗi umarni. Gangami kiɗa ne na tara jama'a domin jin magana mai girma, kafin kalmar ta koma nufin taron siyasa ko na wayar da kai. Kuge, ƙarfen nan da ake bugawa, nasa amon na fada ne da yaƙi. Yekuwa kira ne na a fito a haɗa ƙarfi. A can ƙarshe kuma akwai kururuwa da ihu, waɗanda ba su buƙatar izinin kowa, domin duk wanda ya ga wuta ko ɓarawo yana da haƙƙin ɗaga murya, kuma duk wanda ya ji wajibi ne ya kawo ɗauki. Mutumin da yake cikin gida yana iya gane girman abin daga irin sautin, tun kafin ya ji kalma ɗaya.

Duk waɗannan lokaci ne yake ba su daraja, kuma harshen ba ya sassauta wa wanda ya makara. Ihu bayan hari ake ce wa maganar da ta zo bayan ɓarna, fargar Jaji kuma ga wanda ya gane bayan dama ta wuce. Shi ma wanda aka faɗa wa ya ƙi ji an tanadar masa nasa, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Laifin a rabe yake, wani na mai jinkirin faɗa, wani na mai ƙin ji. Akwai kuma laifi na uku da wayar hannu ta ƙara wa ƙarfi, wato kururuwar ƙarya. A watan Agustan 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, an tashi mutane da dama cikin dare da kiran waya da saƙonni cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha domin kariya. 'Yan'uwa ne suka kira 'yan'uwa, da kyakkyawar niyya, da muryar gaggawa irin ta ankararwa, amma maganar ba ta da tushe, wasu suka kwanta a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Saƙon ya samu karɓuwa ne saboda ya zo da siffar gargaɗi na gaskiya, ya ambaci haɗari, ya ba da abin yi, ya fito daga bakin wanda aka yarda da shi. Abin da ya rasa shi ne mai gani na farko, domin kowa cewa yake "an ce". Duk lokacin da irin wannan ta faru, gargaɗin gaskiya na gaba yana rasa wasu kunnuwa.

Ba duka sanarwar haɗari ce take da kalma ba. Direban da motarsa ta lalace a hanyar Zariya yana jera ganye a kan kwalta tun daga nesa, mai ɗaukar rodi yana ɗaura jan ƙyalle a ƙarshen abin da ya zarce bayan motarsa, motar kashe gobara tana da jiniya. Ko hadarin da yake haɗowa daga gabas, wanda harafi ɗaya ne ya raba sunansa da haɗari, sanarwa ce ga mai shanya da mai tafiya.

Inda nake ganin wannan bambance-bambance ya fi shafar rayuka a yau shi ne maganar ruwa. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, tana fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya, sannan hukumomin agajin gaggawa su isar da saƙon. Kano ta san abin da ruwa yake iyawa, daga ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 har zuwa gidajen ƙasa da suke zubewa cikin birni duk watan Agusta, ga kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, ga magudanan da leda ta toshe, ga kuma abin da ya samu Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Amma idan saƙon ya iso da cewa "gwamnati ta gargaɗi mazauna bakin magudanan ruwa da su tashi", talakan da yake zaune a gefen rafin Jakara ba ruwa yake ji a cikin jimlar ba, rusau yake ji. Kunnensa ya saba da jin wannan kalma daga bakin hukuma a ma'anar kashedi, saboda haka sai ya ɗauki matakin wanda aka yi wa kashedi, ya lafe, ya jira ya ga ko da gaske ake. An so ya ji tsoron ambaliya, sai ya ji tsoron mai sanarwa. Ga kuma rashin mafita a cikin saƙon, an ce ya tashi, ba a ce ina zai nufa ba, ba a ce yaushe ba, ba a ce wace alama zai gani ya san lokaci ya yi ba.

Haka abin yake a jikin kwalayen magani da na maganin ƙwari da ake sayarwa a kasuwanninmu, inda bayanin haɗari yake da Turanci cikin ƙananan haruffa, ga mai saye da ya fi iya karanta Hausa ko ajami, ko ma sai an karanta masa. Kamfanin ya sauke nauyin doka, amma ba a ankarar da kowa ba.

Da za a bi tsarin da harshen ya riga ya shimfiɗa, da maganar damina ta rabu gida uku, kowanne da kalmarsa da muryarsa. Tun daga watan Afrilu da Mayu faɗakarwa ce, a rediyo da masallatai da makarantun Islamiyya, kan yashe kwatoci, da duba katangu, da yaɓe rufin soro kafin ruwa ya sauka. Ga wanda yake zuba shara a magudana ko yake gini a kan hanyar ruwa, wannan kashedi ya dace da shi, a kira shi kashedi, a faɗi hukuncin, a kuma aiwatar. Idan kuwa an hango ruwa mai yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai a koma ankararwa, ta bakin mai unguwa da limamin da mutane suka sani, a ambaci sunan unguwa da lungu, a ce masu ɗakunan ƙasa da suka jiƙe kada su kwana a cikinsu daren yau, a fitar da yara da tsofaffi tun kafin magariba, makarantar firamare ta kusa a buɗe take ga wanda ba shi da inda zai je.